Shekarar da Hancina Ya Bushe

Daminar bana ta yi kyau, kuma ba a rediyo na ji ba. Hancina ne ya gaya mini. Ranar Laraba na tashi sallar asuba, kafin hannuna ya kai ga buta na yi atishawa ta fi goma a jere, idanuna suka cika da ruwa, sai na ce to, alhamdu lillahi, gero ya yi bununi. Wanda ba manomi ba sai ya wuce ta gefen gona bai lura da shi ba, wani gari-gari ne mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a jikin zangarniya kafin ta yi ƙwaya, iska na kaɗawa ya tashi. Ni ko ina ƙuryar ɗaki sai ya nemo ni. Shekara sittin da wani abu ke nan muna wannan zama da shi, bai taɓa mantawa da ni ba, ni ma ban taɓa yi masa maraba ba.

Jikata Nafisa ta gaji hancin nan, duk cikin zuriyata ita kaɗai. Ita tata wahalar da sauƙi. Akwai wata 'yar kwalba da take sayowa a farmasi a Maraɗi, ta fesa a hanci da safe, shi ke nan ta kama harkarta. Jiya da hantsi tana zaune a tsakar gida, ɗanta na wata biyar yana shan nono, ita kuma tana ta latsa salula, sai atishawa ta kama ta. Ta yi uku masu ƙarfi, yaron ya zaro ido ya dube ta, bai ko saki nonon ba. Ta yi dariya ta share hanci da bakin mayafi. Ni kuwa na kasa dariyar. Na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, don abin da na tuno ba na tsakar gida ba ne.

A Gabi aka haife ni, can kuma abin ya fara, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Mura ake ce masa, amma bai yi kama da murar mutane ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, majinar kuma ba ta taɓa yin kauri, ruwa ne fari tas yana zuba kamar randa ta tsage. Ido ya yi ja, cikin hanci da maƙogwaro har cikin kunne su yi ta ƙaiƙayi inda yatsa ba ya kaiwa. Ta mutane kwana bakwai ta tafi. Tawa daga bununi har bayan girbi, ta ɗan lafa, ranar da aka buɗe rumbu ta dawo. Babu abin da ba a yi mini ba. An lulluɓe ni da bargo an turara mini hayaƙi har na kusa shiɗewa. An ɗiga mini man shanu a hanci. Wata gwaggona ta ba ni garin taba na shaƙa, ranar sai da na yi birgima a ƙasa. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, da abin bai ji ba ya dawo ya cire mini beli, na yi kwana uku ko ruwa ba ya wucewa da daɗi, a na huɗu na tashi da atishawata. Daga ƙarshe kowa ya tsaya a kan cewa sanyi ne ya shige ni tun ina jaririya, aka bar ni da tsummana a hannu.

Da tsumman aka kawo ni Madarumfa aure. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ban kama sunansa yana raye ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Mu uku ne manya a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ita kuma take ce mini Ta Gabi. Bari in faɗi wannan tun yanzu, don kada wani ya ji ƙarshen maganar ya ɗauke ta muguwa. Inna ba muguwa ba ce. In baƙi sun zo lokacin da hancina ke zuba, ita ke karɓar damun fura ta ce in je in duba wuta, don kada wani ya ga na share hanci ya ture ƙwarya in ji kunya. Na san abin da take yi, ta san na sani, ba mu taɓa zancensa ba.

Shekarun farko na aurena shekarun ƙoshi ne. Ruwan shuka na sauka, maza su shiga gaba da sungumi suna sara, mu mata muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Sai noman fari, sai maimai, ranar gayya mu yi ta kai fura gona har wuya ya ƙage. Ina da 'yar gamanata, ɗan filin da maigida ya yankar mini a gefen gandu, a nan nake sa gyaɗa da kuɓewa. Tabkin da ke gefen gari ya cika ya tumbatsa, kifi har ka gaji da shi. Da gero ya fara bununi kuwa, ni na zama abin dariyar gida. Maigida ya kan tsaya a ƙofar ɗaki yana ƙirga atishawata, in ta wuce goma ya ce wa Inna ta gyara rumbu, bana akwai tuwo. Ina jin haushi, ina kuma dariya.

Abin da ba dariya a cikinsa shi ne sussuka. Gero a dami ake ajiye shi, ba a buhu ba kamar yanzu, kuma babu injin ko ɗaya a garin. Duk bayan kwana biyu sai a ciro dami daga rumbu, mu ɗauka mu kai masussuka a bayan gari, mu sa a turmi, mu shiƙe da ƙwarya biyu muna bin iska. Sauran mata su yi su gama su kakkaɓe zane su tafi. Ni in dawo ido kamar an zuba barkono, hanci a toshe, da baki nake numfashi har washegari. Matan unguwa suna hango ni za su ce Ta Gabi ta iso, kowa ta rufe ƙwaryarta. A haka na haifi ɗan farina, na shayar da shi shekara biyu cur hancina na zuba a kansa, ya yi ɓul-ɓul, ba wanda ya ce uffan. Da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi can Gabi.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ta gabaci hawan soja mulki na farko. Tun daminar da ta gabata rumbu bai cika ba, amma muna cewa bana za a rama. Ruwan farko ya sauka a makare, muka yi shuka, ta fito kamar abin kirki, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin ba ɗigo. Shukar ta murɗe ta kwanta. Aka sake samun yayyafi muka sake shukawa da ɗan irin da ya rage, ita ma ta tsaya iya gwiwa. Hadari ya kan haɗu da la'asar baƙi ƙirin daga gabas, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi, mu mayar da tukwanen inda suke. An fita roƙon ruwa ya fi sau uku. Ina da tsohon ciki lokacin, ina zaune a inuwar zaure ina jin zafin ƙasa yana ratsa tabarma.

Cikin wannan hali na haifi Habsu. Yarinya ce 'yar ƙarama mai yawan gashi, tana da wani ɗan kumatu guda da ke lotsawa in ta yi hamma. Inna ta tsaya a kan wankan jegona kamar ba yunwa a gari, safe da yamma ta tafasa ruwa ta watsa mini da ganye, ta dama mini kunun kanwa da geron da ta ɓoye tun bara. Ana cikin haka lokacin bununi ya zo ya wuce, hancina bai zuba ba. Ko atishawa ɗaya. Karon farko tun ina yarinya na ji damina da hanci a buɗe. Na ji ƙanshin kan jaririyata, na ji ƙanshin daddawa daga gidan maƙwabta, ina kwana baki a rufe kamar sauran mutane. Inna ta yi ta gaya wa mata cewa ruwan zafinta ne ya kori sanyin da ya fi ƙarfin wanzaman Gabi. Ni ma na yarda, na kuma yi murna, ba zan ɓoye ba. Murna sosai na yi.

Maigida ne bai yi ba. Wata rana ya dawo daga gona da zangarniya guda a hannu, siririya, ya murza ta a tafinsa ya nuna mini. Babu komai a kai.

Ya ce, "Ba wanka ya warkar da ke ba. Geron ne bai yi bununi ba."

Na dubi hannunsa. Har yau in na tuna murnar da na yi a watan nan sai kunya ta kama ni.

Gandun da ke ba mu dami fiye da ɗari, ɗan abin da muka ɗauro a jaki biyu aka kawo shi. Gyaɗata ko harawar kirki ba ta yi ba. Muka fara auna tuwo, daga sau biyu ya koma sau ɗaya, daga tuwo ya koma kunu. Kafin tsakiyar rani maigida ya share rumbu da tsintsiya, ya sayar da tumakinmu biyu da suka rage, ya bi ayarin maza ya ƙetara iyaka wajen Jibiya neman aikin ƙarfi, ya ce zai riƙa aiko da garin rogo. Sau ɗaya saƙon ya iso. Aka bar ni da Inna da Habsu da wata akuya da ta fi mu rama.

Da bazara ta kama, zafi ya zama wani abu dabam. Tabki ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, sai ka yi tafiya a inda da jirgi ke bi. Da asuba mata ke fita haƙar bado a cikin lakar, kafin hantsi an gama da wurin. Muna jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, kwana da kwanaki muna sauya ruwa don ɗacinta ya fita, ba ya fita duka. Wasu na haƙa gidajen tururuwa su kwashe hatsin da ta tara. Yunwa ba ta ciwo kullum, wannan ne abin da waɗanda ba su san ta ba ba sa ganewa. Kwana biyu na farko ne take murɗa ciki. Daga nan sai ta koma kasala, ka tashi tsaye ka ga duhu, ka ajiye ludayi ka manta inda ka sa shi.

Inna ce ta tuna da tsohuwar masussuka. Shekara da shekaru ana zubar da ƙaiƙayin gero a wurin, ya taru tsibi-tsibi, kuma a zamanin ƙoshi ba wadda ke damuwa da 'yar ƙwayar da ta bi iska. Muka ɗauki faifai da ƙorai muka je. Ashe ba mu kaɗai muka yi tunanin ba, mata sun fi ashirin a wurin, kowa ta kama tsibinta ba mai magana da wata. Ki tona, ki shiƙe, ki sake shiƙewa, ki bushe da baki, tun safe har azahar, ki samu abin da bai cika tafi biyu ba, rabinsa tsakuwa. Amma gero ne. Ƙaiƙayin ya tsufa, ya yi baƙi daga ƙasa, yana warin ruɓa, in kin ɗaga shi sai ya tashi ya rufe ki. Habsu tana bayana, wata takwas ke nan da haihuwarta, na lulluɓe ta da zane.

A ranar farko hancina ya dawo, ya kuma dawo da fushin duk watannin da ya yi shiru. Idanuna suka kumbura har sai na ɗaga kai kafin in ga hanya. Gefen hancina ya tsage saboda sharewa. Ina atishawa har wuyana ya riƙe. Ban daina zuwa ba, don in ban je ba tukunya ba ta hau wuta, Inna ita kaɗai ba ta iya tara abin mutum biyu.

A sati na biyu Habsu ta fara zawo. Rabin yaran unguwa suna yi, ruwan rijiya ya koma ja, amma kowace uwa nata take gani. Kwana uku tana yi, ta daina wasa da ƙafarta, idonta ya faɗa. Inna ta zauna ta dube ta, ta dube ni ina fama da tsumma. Sannan ta ce tana tsoron sanyin nan da ya dawo mini da ƙarfi ya sauka a nono. Mugun ruwan da ke fita ta hanci, in ya yi yawa, wai yana neman wata hanyar. Ba ita ta ƙirƙiro ba, haka ta taso ta ji, haka ni ma na ji a Gabi. Akwai kuma yadda ake gwadawa. A tatsi nono a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa. In ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, ya ɓaci, yaro ba zai ƙara sha ba sai an gyara shi.

Da hantsi muka yi, a gindin rumbun da babu komai a ciki. Na tatsa, Inna ta kamo tururuwa ta jefa. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kai gefe, ta hau, ta fita ta tafi abinta. Inna ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, har ta kai hannu za ta zubar. Ni ce hankalina bai kwanta ba. Ina ganin yarinyata tana narkewa, ina son in san dalili, dalilin da zan iya yi wa wani abu.

Na ce, "Inna, a sake. Wagga kusa ga baki ta faɗa."

Ta sake. Ta biyu a tsakiya ta faɗa, ta juya, ta juya, ta tsaya. Ta uku ma haka.

Daga ranar aka cire Habsu daga nono. Inna ta samo sassaƙe aka jiƙa mini ina sha safe da yamma, ta ce da zarar hancin ya tsaya alama ce nonon ya gyaru, sai a sake gwaji a mayar da ita. Ga shi kuma kullum da safe ina cikin ƙaiƙayin nan har wuya, ta ina hanci zai tsaya? Ba wadda ta haɗa biyun a cikinmu. Muna ba yarinya ruwan kunu da ɗan abin da muka matso daga akuya, wanda bai cika ludayi ba. Kwana uku na farko ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana cusa kai a ƙirjina, ni kuma nono ya cika yana zogi, ina tatsar da shi ina zubarwa a ƙasa tana kallo. Inna ta koma goya ta don kada ta ji ƙanshina. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya tsare ni. Da na so da na ba ta a ɓoye. Ban ba ta ba, don na yi imani guba zan ba ta. Sannu a hankali kukan ya ragu, nonon ma ya ragu, har ya kai in na matsa sai ɗigo.

A kwana na goma sha biyu Saratu ta shigo gidan. Matar mushen lakwal ce, malamin makarantar boko na garin, Kirista ce 'yar Maraɗi, kafin ta yi aure ta yi aiki a gidan likita na 'yan mishan. Da can kuɓewa take saye a wurina, muka saba. Ta zo ne da ɗan kwanon garin masara, ta tarar da Inna tana ɗura wa Habsu kunu yana dawowa ta gefen baki. Ta tambaya me ya sa ba ta shan nono, muka gaya mata. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta taɓa maɗigar yarinyar, ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya yadda ta ja ta.

Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, don Allah ki yi mini izini mu kai ta likita yau. Ba gobe ba."

Inna ta ce ɗanta ba ya nan, ba ta fitar masa da iyali bai sani ba. Saratu ta ce to ita Innar ta zo mu tafi tare, ai ita ce gidan. Mijin Saratu ya roƙi direban wata motar kasuwa, muka hau baya a kan buhunan da babu komai a ciki, rana na dukanmu har muka isa Maraɗi.

Gidan likitar ya cika maƙil, har gindin itatuwa mutane ne kwance, yawancinsu mata da yara irin tamu. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake ce wa majo, wani dattijo ne Bahaushe mai furfura a gemu. Ya fara da Habsu, ya sa aka riƙa ba ta wani ruwa da cokali, kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Sannan ya juyo kaina. Ya leƙa hancina da 'yar fitila, ya tambaye ni yaushe yake farawa, yaushe yake tsayawa, ko ina zazzaɓi, wane aiki nake yi yanzu. Da na ba shi labarin daminar da hancin ya bushe sai ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ba mura ba ce, ba kuma sanyi ba ne. Jikina ne ba ya shiri da bununi da ƙurar ƙaiƙayi, da sun shiga hanci sai ya tashi yana korarsu da ruwa, kamar yadda ido ke yi in hayaƙi ya shige shi. Ba a ɗaukarsa, ba ya shiga jini ya ɓata komai, nono kuwa ko kusa bai san ana yi ba.

Inna ta ce, "To, ɗana, tururuwar fa? Da idona na ga ta mutu."

Ya ce, "Inna, ko cikin nonon saniya kinka jefa ta, in ba ta samu gefe ba nutsewa za ta yi."

A hankali ya faɗa, bai ɗaga murya ba. Inna ta sunkuyar da kai.

Ya ce abin ba ya warkewa, amma ana zama da shi. In tafasa ruwa ya huce, in sa ɗan gishiri, in riƙa shaƙa ina fyacewa safe da yamma. In aikin shiƙa ya zama dole, in jiƙa ƙyalle in ɗaure hanci da baki, in tsaya iska na bayana. In na dawo in wanke fuska da gashi, in sauya zane kafin in shiga ɗaki. Ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi na ranar da abin ya tsananta, ya ce suna sa barci. Duk maganar ba ta kai tsawon dahuwar kunu ba. Abin da aka yanke mini beli a kansa, aka turara ni, aka hana 'yata nono, ga shi nan duka, ruwa da gishiri da tsumma. Har yau da su nake zaune, ban da ƙwayoyin da na daina don suna sa ni gyangyaɗi a kan sallaya.

Game da Habsu ya ce a mayar da ita nono yanzu-yanzu, a kuma yi ta sa ta ko babu komai, don tsotso ne ke kiran nono, in ta ja zai dawo. Suka ba mu wuri a wata rumfa, suna ba ni kunu da madarar gari sau uku a rana, abincin da rabona da irinsa tun wankan jego. Ina ci ina jin kamar sata nake yi. Inna ce ke riƙe mini kan yarinyar, tana buɗe mata baki da ɗan yatsa tana cewa kama, uwata, kama. Ranar farko ta kama ta ja sau biyu ta saki. Rana ta biyu ta ɗan ƙara, har Saratu, da ke zuwa duba mu daga gidan iyayenta, ta ce da alamar sauƙi. Rana ta uku sai ta riƙe a baki kawai tana kallona. Hancina kuwa, da na yi kwana uku nesa da masussuka ina shaƙar ruwan gishiri, ya tsaya cak.

A rana ta huɗu da hantsi ta cika, a cinyata, bakinta a jikina.

Inna ta ce ba za a binne jikarta a inda ubanta bai san wurin ba. Direbobi ba sa son ɗaukar gawa, don haka ta goya ta a baya, ta rufe ta da mayafi kamar mai barci, muka hau motar kasuwa cikin mutane. Wata mata a gefenmu har ta ce a gyara wa yarinya kai kada rana ta dake ta, Inna ta gyara. Mun wuce rabin hanya sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, ya ɗau zafi, wani abu ya tsarga mini har hammata. Na duba na ga gaban rigata ya jiƙe gida biyu, yana ɗiga a kan zane. Kunun da madarar sun yi aikinsu. Na rungume hannuwana a ƙirji. Inna ta gani, ta kawar da kai wajen gonaki.

Maƙwabta maza suka kai ta bayan azahar. Da la'asar mata suka watse, aka bar mu mu biyu a tsakar gida, kowa da bangon da ta jingina. Inna ce ta fara magana, ba ta dube ni ba.

"Ta Gabi, ni na sa tururuwar."

Na ce, "Ta farko ta fita, Inna. Ni na ce a sake."

Ba mu ƙara tayar da maganar ba, har ta bar duniya shekara goma sha bakwai bayan haka. Washegari tukunya na nan tana jiran abin da za a zuba mata. Na ɗauko faifai, Inna ta karɓe shi daga hannuna ta ce in zauna, ta tafi masussuka ita kaɗai da tsufanta. Ni kuma na zagaya bayan ɗaki na durƙusa. Sai da na yi kwana takwas ina tatsar da nonon a ƙasa kafin ya haƙura.